Rabin Kan Kansila

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana sarkin ɓarna. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa karatun ya yi albarka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar mahaifiyarki da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Maganar da kika jefe ni da ita a waya, wai ina da halin ko-in-kula da siyasa, ta hana ni sakat. Kin san ubanki a aji uku ya yi sallama da boko, don haka na tambayi ƙanenki. Ya ce ana faɗa wa mutumin da ba ya zaɓe, ba ya tambayar waɗanda aka zaɓa, ko ƙasa za ta kife ba zai ɗaga kai ba. Na ce ashe ina da sarauta ban sani ba.

Ana nan sai aka shafa jan fenti a jikin bishiyar da nake aski a ƙarƙashinta, wai za a sare ta a kafa allon wani ɗan takara. Inuwar nan ce shagona, ita ta raine ku. Kansilanmu kuwa ni nake masa aski. Da ya zauna na ɗaura masa ƙyalle, na kawo maganar, ya ce ba ruwansa, umarni ne daga sama. Ban yi musu ba. Na aske gefen dama tas, na wanke askata, na ninke, na kunna rediyo. Ya tambayi ɗaya gefen, na ce ni ma ba ruwana, 'yata mai ilimi ta ce ko-in-kula ke damuna. Ga taro yana jiransa, ga masu layi suna ƙunshe dariya, hularsa kuwa wani mai facin taya da ke layin ya zaune ta. Nan take ya zaro waya ya kira na saman.

Bishiya dai tana nan daram. Na ƙarasa masa askin, ko ƙwarzane babu, sai dai ya canza mai aski. Katin zaɓena ma na zaro shi daga ƙarƙashin ƙafar tebur, inda ya daɗe yana aikin tokara. Yanzu tebur na rawa, amma ki nemo mini wata kalmar a littattafanki, waccan ta matse ni.

Mahaifiyarki da gwaggonki da ƙanenki suna gaishe ku. Ki shafa mini kan jikana, duka gefen biyu.

Ubanki,
mai askin gindin bishiya