Guntun Katangar Bayan Gida

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu Magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara biyu ke nan da muka kai ka makwancinka, sai yau na samu ƙarfin halin ba ka labarin aikin da ke hannuna, domin akwai abin da na zo roƙo.

Baba, kamfanin da nake wa zanen gine-gine a nan Dubai ya samu aiki a wani gari da ake kira Hatta, can cikin duwatsu. Wata baiwar Allah ce take son a gina mata masauki inda mutane za su riƙa zuwa yin yoga. Na san za ka ce mene ne kuma wannan. Miƙe gaɓoɓi ne da zama shiru a kan tabarma ana jan numfashi, kusan abin da kake yi a ƙofar gida bayan la'asar, sai dai su sai sun hau jirgi tukuna.

Sharaɗinta shi ne kada ginin ya fita daban da wurin. Tana son wanda ya hango daga nesa ya kasa raba ɗaki da tsauni, ciki kuma ya yi sanyi ko ba a kunna na'ura ba. Abokan aikina suka yi ta buɗe littattafai. Ni kuwa na zauna na zana gidanmu na ƙasa na Zariya, da katangarsa mai kauri, da ƙananan tagoginsa na can sama, da zauren da iska ke ratsawa.

Ranar da muka je ganin filin na durƙusa na ɗebi ƙasa na taɓa a harshe, yadda kake yi. Matar ta tambaye ni wa ya koya mini, na ce babana. Yanzu har a takardar tallarsu an rubuta cewa mai zanen ya gaji sana'ar daga mahaifinsa.

Kai ka san ƙarya na yi. Ban ma san abin da harshen yake nema a cikin ƙasar ba.

Sau nawa ka kira ni bakin ramin kwaɓa, ina ce maka ina da jarrabawa? Akwai ranar da na taso makaranta da abokaina muka hango ka tsundum cikin taɓo har gwiwa, na ja su muka ratse ta wani lungu. Ka gan ni, Baba. Da yamma sai kawai ka tambaye ni ko takalmina bai matse ni ba.

Kakan ce ƙasa ba ta son gaggawa, in ka yi mata gaggawa za ta jira damina ta rama. A lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Sai babban laifin. Da na fara aiki a nan, na tura ku Umara kai da Inna, kuna tashi na sa aka rushe gidan da ka gina da hannunka, aka tayar da na bulo da rufin kwano. Ni a tunanina fitar da kai kunya nake yi. Maƙwabta suka yi ta sa mini albarka, kaina ya yi girma. Da ka dawo ka zaga gidan, ka ƙwanƙwasa bulo ɗaya da yatsa, ka ce Allah Ya yi mini albarka. Ban taɓa tambayarka ko kana so ba.

Sai bayan rasuwarka ƙanwata Hajara ta gaya mini cewa duk bazara ɗakin kwanon yake korar ka. Kakan ɗauki tabarma ka koma bayan gida wajen awaki, ka jingina da guntun tsohuwar katangar da leburorin suka manta ba su rushe ba. Ka hana kowa ya faɗa mini, wai kada raina ya ɓaci. Wallahi Baba da duka ka yi mini da ya fi mini sauƙi.

To ga inda aka kwana. An amince da zanena, amma sau uku muna ɗora katangar gwaji ta ƙasa a filin kamfani, sau uku tana tsagewa. Ban san yawan ciyawar da kake zubawa ba, ban san kwana nawa kake barin kwaɓin ya ruɓa ba. Na sa an nemi abokan sana'arka, wasu sun bi ka, sauran sun koma buga bulo. Saura mako biyu. In katangar ba ta tsaya ba, za a zuba kankare a shafa masa fenti mai launin ƙasa, kuma ni za a sa in sa hannu.

Wani injiniya ya ce in na kawo ɓallin tsohon gini za su gwada a inji su gane haɗin. Wato inji zai faɗa mini abin da ka yi shekaru kana roƙona in tsaya in ji. Aikinka kuwa babu wanda ya rage a gidanmu sai katangar nan da kake jingina. Na kira Hajara na ce ta ɓallo mini kaɗan, ta ce ita ba za ta taɓa ba sai na tambayi mai ita.

Shi ya sa na rubuto. Jiya na samu matar nan mai masaukin na gaya mata gaskiya, cewa babana ya so ya koya mini, ni ne na ƙi, na kuma roƙe ta a gyara takardar tallar. Yanzu saura kai. Ina neman izinin ɓallar abin da bai fi tafin hannu ba, daga can ƙasa, ba wajen da bayanka yake taɓawa ba. Na san ba zan ji amsa ba, kuma na san ko kana raye albarka kawai za ka sa mini. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya sanyaya shi fiye da ɗakin da na gina maka. Ya sa ka yafe mini tun kafin ka tafi.

Ɗanka,
Sani