Fuskar da ke shafi na shida

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa, duk da na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba. Inna tana nan, amma ba ta ƙara fita ba tun ranar da aka kawo gawarka daga hanyar Gabi. Ni na wanke rigarka. Harsashi uku 'yan bindiga suka harba maka, sannan suka sare maka hannun dama da adda. Me hannun ya yi musu, in ba zane ba?

Na buɗe kayenka na labaran zane. Duk abin da ka koya mini ina riƙe da shi. Ka ce mai farawa ya tsaya a shafi takwas, kar ya ɗauko labarin da zai tsufa bai gama ba. A fara da kireyo, wato fensir, a bi da baƙin bik, wato biro, don fotokopi ba ya ganin layi mai haske. A rubuta magana tukuna kafin a zagaye ta da layi. Ka tuna dariyar da ka yi mini ranar da na jera shafi na ɗaya kusa da na biyu, aka naɗe, labarin ya hautsine? Yanzu na iya: shafi na takwas da na ɗaya a takarda guda, a naɗe, a ɗinke da zare.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Mutumin nan da ke nuna wa 'yan bindiga gidajen masu shanu, wanda ka zana a shafi na shida na littafinka na ƙarshe, ka so ka sauya masa fuska. Ni na hana ka. Na ce kai matsoraci ne, ka bar masa tabonsa da karyayyen haƙorinsa. Ka bari. Littafin ya zaga kasuwar Madarumfa, bayan sati biyu suka tare ka.

Ina jin haushin kaina, ina jin haushinka da ka saurare ni. Kullum sai na zana mutumin nan, in yi ta caka masa bik a ido har takarda ta huje.

Inna ta ce in ƙona kayen, na yi mata ƙarya na ce na ƙona. Gobe zan je Maradi in sake buga littafin, fuskar tana nan yadda take, sunana a ƙarƙashin naka. Tsoro nake ji ƙwarai, Yaya. Amma mutumin yana nan yana yawonsa, har ta'aziyya ya zo yi mana, Inna ta ba shi ruwa ya sha.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Rabi