Cleotis Bai Zo Ba

Saint Amable, Louisiana
3 ga Disamba, 1986

Zuwa ga ƙanena Cleotis,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Mama na gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Mun ga jarida. Ga ka nan rungume da hular kwanonka kana dariya, wai ɗan ƙwallon zari-ruga irin na Amurka da ke ciyar da tsofaffi ɗari biyu a garinsu. To madalla. Sai dai mai jaridar bai ga wadda ke tashi tun asuba tana yankan albasa ba.

Jiya aka buɗe ɗakin cin abincin da ka gina. Kai ka sa ranar da bakinka, ka ce Talata ce hutunku. Fasto ya sha kwat, tsofaffin ma'aikatan rake suka cika kujeru, muka dafa miyar gumbo tukunya shida. Har ƙarfe huɗu muna duban hanya. Baba Ulysse, ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ce, "Verlene, ko hoton nasa za mu ba almakashin ya yanka zaren?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

Yayarka,
Verlene

*

19 ga Disamba

Yaya Verlene,

Ina gaishe ku duka. Ki yi haƙuri, aiki ne ya riƙe ni. Sau goma sha ɗaya na kayar da mai jefa ƙwallo a bana, kaf ƙungiyarmu ba wanda ya kamo ni. An kuma zaɓe ni wasan gwanaye karo na huɗu. Kayarwar nan ce ke sayen shinkafa da jan waken da kike dafawa, ba yankan zare ba. Don Allah ki daina yi mini faɗa kamar ɗan shekara goma.

Naki,
Cleotis

*

12 ga Janairu, 1987

Cleotis,

Gaisuwa dai don ta zama dole.

Shekaranjiya muka binne Koci Fontenot, mutumin da ya fara ɗora maka hular kwano a makaranta. Ka bugo waya ka ce kana tafe, aka bar maka wuri cikin masu ɗaukar akwatin gawa. Da aka gaji da jira, mijina Rufus ya kama, da ciwon bayansa da komai. Matar Koci ta riƙe hannuna ta ce, "Jirginsa ne ya makara, ko?" Na ce mata eh. Ka sa na yi ƙarya a ƙofar coci.

Kakar wasa ta ƙare tun watan jiya. Yanzu kuma wane aikin ne?

Verlene

*

20 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Na zo ranar binne Koci. Na sauka New Orleans da safe, na yi hayar mota, da baƙar kwat a jikina. Na iso mararrabar tsohon injin rake, sai na rasa wace hanya ce ta gida. Wurin da na bi sau dubu da ƙafa, Yaya. Na tsaya gefen titi awa biyu. Wata mata ta leƙo ta taga ta ce, "Kai, ba kai ne Cleotis Batiste ba? Sa mini hannu a takardar nan!" Na sa mata, na kasa tambayar ta hanyar garinmu. Sai na juya.

Ranar buɗe ɗakin kuwa mantawa na yi ɗungurungum, sai da wasiƙarki ta zo. Tun karon da muka yi da wani ƙato a watan Oktoba kaina bai koma daidai ba. Haske na damuna. Nakan shiga ɗaki in rasa abin da ya kawo ni.

Ƙungiya na so in ƙara sa hannu a kwantiragi. In na daina, murhunki ya mutu. Kada Mama ta ji.

Ƙaninki,
Cleotis

*

27 ga Janairu

Ƙanena,

Ubangiji ya ba ka lafiya. Na karanta a ɗakin ajiyar shinkafa, na yi kukana na fito.

Wata uku kana ɗauke da wannan, ka bar ni ina ta zagin ka? Wauta ce ko girman kai? Ka saurare ni da kyau: kada ka sa hannun nan. Mun ciyar da mutane a bayan coci tun kafin a san sunanka, za mu kuma iya. In ɗari biyu sun fi ƙarfinmu, mu yi hamsin. Babu tsohon da zai yarda ya ci abincin da aka saya da ƙwaƙwalwarka. Rufus ya ce zai zo da mota ya ɗauko ka, akwai likitan kai a Baton Rouge. Ka faɗi rana kawai, ni zan riƙe maka ita.

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Verlene

*

9 ga Maris

Yaya Verlene,

Ina gaisuwa. Na sa hannu jiya, shekara ɗaya kacal, kada ki yi fushi. Kan ya yi sauƙi sosai, Rufus ya huta abinsa. Ki gaida Mama da Baba Ulysse. In kin ga Koci Fontenot a coci, ki ce masa an zaɓe ni wasan gwanaye karo na huɗu, zai ji daɗi.

Naki har kullum,
Cleotis