Za a Toshe Mini 'Yar Tagar Kicin

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin magina su iso, ni dai kaina ya kulle.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Maigidana ya rasu, yara kowa ya bi inda aiki ya kai shi. Gidan da a da sai na yi tsawa kafin a ji ni, yau ni kaɗai nake kwana, ni kaɗai nake tashi. Babban ɗana ya ce zai gyara mini shi, sai matarsa ta ɗauke ni muka je kallon sabon gidan ƙawarta, wai in zaɓi abin da nake so.

Gida kam, tubarkalla! Tayil sai ƙyalli, fitilu a ɓoye cikin silin, kabad ɗin kicin daga ƙasa har sama. Matar gidan ta ja gilashin taga don ta nuna mana ingancinsa, sai ƙarar titi ta ɗauke ɗif. Su suna ta yabo, ni kuwa shirun da ya biyo baya nake saurare. Shirun nan na san shi, Anti, shi nake gudu a gidana. Amma da surukata ta tambaye ni, bakin nan nawa sai ya ce komai ya yi.

To, a kicin ɗina akwai wata 'yar taga mai tsatsa da ke kallon ta maƙwabciyata, wata tela mai surutu kamar rediyo. Kullum da safe sai ta miƙo sandar mofa ta ƙwanƙwasa mini. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri da gulma. Ranar da jiri ya kayar da ni, ita ta ga ban buɗe ba ta tara mutane. Wani lokaci har rana ta faɗi muryarta kaɗai nake ji. Yanzu zanen gyaran gidana ya zo, kabad zai cinye bangon gaba ɗaya, a toshe tagar da bulo. Ina jin nauyin yaron nan da ɗawainiyarsa. In kuma na faɗi dalili, zai gane kaɗaici ke cin uwarsa, hankalinsa ya tashi. Ya zan yi?

Mai 'Yar Taga

Mama, sannu da haƙuri. Ɗanki da matarsa ba su yi laifi ba, sun tambaye ki kin ce ya yi, su kuma ba su san gaibu ba. Kawaicinki ne ke neman toshe tagar nan, ba su ba.

Ki kira shi yau, kafin a sauke bulo. Ki fara da godiya, ki karɓi abin da zai amfane ki: tayil marar santsi, ƙarfen dafawa a banɗaki, haske mai kyau. Sannan ki ce a raba kabad ɗin biyu, a bar taga a tsakiya, a sa mata sabon firam da raga. Wannan ƙaramin aiki ne a wurin kafinta.

Dalilin ma kada ki ɓoye. Ki ba shi labarin ranar jirin nan, za ki ga shi da kansa zai ce a faɗaɗa ta. In hankalinsa ya tashi, ya tashi, ɗanki ne. Wataƙila ya riƙa kira fiye da da.

Kuma Mama, ba taga kaɗai gidan ke da ita ba, akwai ƙofa. Ki riƙa zagayawa kina zama kusa da keken ɗinkin nan. Allah Ya sa albarka a gyaran, Ya bar ku tare. Gobe in ta ƙwanƙwasa, ki gaishe mini da ita.