Simintin da Na Zuba a Soron Inna

Asabar, 17 ga Afrilu, 2004

Na hau soron Inna da safe. Simintin da na shafe rufin da shi shekara uku da suka wuce ya tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Na taka wani wuri kusa da indararo, sai na ji ya lotsa. Na sa wuƙa na ɓamɓare kaɗan, ƙasar da ke ƙarƙashi danya ce, tana wari. A watan Afrilu fa, rabon Daura da ruwa wata shida.

Na san abin da ya faru, ba sai an faɗa mini ba. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, simintin ya hana shi fita, ya zauna yana cin azara.

Da na sauko Inna tana tsintar wake a tsakar gida. Ba ta kalle ni ba, ta ce wa bango, "Mai babur ya ga abin da ya hau gani?" Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba, tun da na sayi babur ta samu abin kirana. Na ce mata tsufa ne kawai ya kama ginin. Ta ci gaba da tsintarta.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Tsufa. Haka na ce wa uwata, ban ko ƙifta ido ba.

Laraba, 21 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda littafin nan ba ya da baki.

Duk shekara kafin damina Baba Ɗantsoho magini yakan zo ya yaɓe rufin, ya shafe shi da laso, wannan baƙin haɗin da ke hana ruwa shiga. Tun mahaifina na da rai haka ake yi. Shekarar da na dawo da difloma ta gini na kama aiki a sashen ayyuka, kaina ya yi girma, hula ba ta zama. Na ce wannan ɓarnar kuɗi ce, buhu biyar na siminti sun kashe maganar har abada. Baba Ɗantsoho ya zo da kayan aikinsa ya tarar da leburorina a sama. A ƙofar gida, gaban masu zaman dakali, ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi. In ka toshe mata hanci za ta ruɓe." Na yi dariya. Na ce, "Baba, zamaninku ya wuce." Mutumin da ya ɗora azarar ɗakin nan tare da mahaifina. Ya kwashi kayansa ya tafi, tun daga ranar in mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Injiniya, an tashi lafiya?" Ba ya ƙara komai, ni kuwa ji nake kamar ya mare ni.

Juma'a, 23 ga Afrilu

Na yi lissafi bayan masallaci. A rushe soron a sa kwano:

Kwano bandir huɗu, 26,000.
Katako, 18,000.
Ƙusa, 2,500.
Kafinta, 8,500.
Rushewa da kwashe ƙasa, 5,000.
Duka, 60,000.

Albashina dubu goma sha huɗu ne, kuma na wannan watan na riga na cinye shi tun bai zo ba.

A mayar da soron yadda yake ba zai wuce rabin haka ba, na sani. Amma wannan aikin mutum ɗaya ne ya iya shi a unguwar nan, ni kuma ba ni da fuskar zuwa ƙofarsa. Wato dubu talatin zan ƙara don kada in ce wa tsoho yi haƙuri. Ikilima, matata, ta leƙo takardar ta ce, "Me ya sa ba ka rubuta na ƙasa ba a gwada?" Na ce mata ta je ta duba tukunyarta. Ba ta yi mini laifin komai ba.

Talata, 27 ga Afrilu

Dabara ta zo mini, kuma ba dabarar kirki ba ce. Gidan gado ne, ba a raba ba. Mu uku ne: ni, da ƙanena Kalilu mai sayar da hatsi a Mashi, da autarmu Haulatu da ke zaune a Sandamu da marayu uku. Tunda na kowa ne, gyara ma na kowa ne. Na raba kuɗin yadda ake rabon gado, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Ni 24,000, Kalilu 24,000, Haulatu 12,000. Na rubuta musu wasiƙa da kyakkyawan rubutu, har da cewa haka shari'a ta tsara. Siminti kam ban ambace shi ba. Na ce gara ce da tsufa.

Yanzu kowa a garin nan ya zama malami, ni ma na samu inda zan fake. Lokacin da zan zuba simintin ban tambayi kashin kowa ba.

Lahadi, 2 ga Mayu

Kalilu ya aiko direba da saƙon baki: sai ya sayar da geron da ya ajiye, in jira wata guda. Wata guda ruwa ya sauka.

Haulatu kuwa da kanta ta zo, da rana tsaka, ƙafarta duk ƙura. Ta kunce bakin zani ta ƙirga mini dubu tara. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri da sauran ukun, in na sayar da ƙuli zan cika." Na tambaye ta ina ta samu. Ta sayar da tumakinta biyu, ɗaya ma da ciki. Su ne take kiwo don kuɗin makarantar babbar 'yarta.

Na karɓa. Na ƙirga a gabanta, har na sa mata albarka. Ban ko yi jinkiri ba, wannan shi ya fi damuna.

Litinin, 3 ga Mayu

Kuɗin na cikin aljihun rigar Juma'a. Ban iya taɓa su ba, ban iya mayarwa ba.

Alhamis, 6 ga Mayu

Na kai kafinta ya auna ɗakin. Inna ta tare ƙofa. Ta ce wa kafintan, ba ni ba, "Ka gaya wa wanda ya kawo ka, ni ba na kwana ƙarƙashin gwangwani. Da rana ya dafa ni, da damina ya hana ni jin kiran salla. A ɗakin nan aka kawo ni, a nan Malam ya cika, yadda yake nake son abina." Kafinta ya dube ni, na dubi ƙasa.

Na lallaɓa na ce to bari dai mu duba daga ciki. Rabona da shiga ƙuryar ɗakin har na manta, kullum a rumfa nake gaishe ta. Gadonta ba ya inda na san shi, ya koma bayan ƙofa. Bara ta ce mini don iska ta matsar da shi, na yarda. A inda gadon yake da, ta jera manyan kwanoninta na aure a ƙasa, guda shida, an rufe su da fayafayi kamar kayan ado. Na ɗaga faifai ɗaya. Gindin kwanon duk tsatsa, da zoben laka a ciki. Na ɗaga kai, azara uku sun yi baƙi sun sunkuyo, daidai saman kwanonin.

Ikilima ce ta ƙarasa ni da na koma gida. Ta ce damina biyu ke nan Inna na tarar ruwa, tana kwashewa tun kafin gari ya waye sosai don kada in gani. Inna ta hana kowa ya gaya mini. Wai ta ce, "Ya yi abin a gaban mutane. In aka ce ya zuba, da wane ido zai wuce dakali?"

Damina biyu tsohuwa na kwana ƙarƙashin rufin da zai iya danne ta, don ni in wuce dakali da babur ina ɗaga hannu. Kunya ta hana ni cin tuwo. Ban taɓa jin na tsani kaina irin yau ba.

Asabar, 8 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, iska ta watsa shi. Na tsaya ina addu'a kada a yi ruwa, manoma kuwa na roƙon a yi. Allah Ya yafe mini.

Na sa Inna ta koma ɗakin Ikilima kafin a gyara. Ta ƙi, sai da na ce in ba ta fita ba ni ma a nan zan shimfiɗa tabarma. Ta ce wa Ikilima, "Ɗauko mini buta da carbi, kada ya cika ni da minshari."

Lahadi, 9 ga Mayu

Sau biyu na bi ta ƙofar gidan Baba Ɗantsoho, sau biyu na wuce kamar mai neman wani gida. A na uku jikarsa ta ce, "Yana ciki fa, yana ganinka ta zaure."

Na shiga na tsuguna. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ce, "Baba, ya ruɓe." Ya ce, "Na sani. Duk wucewa ina kallon indararon, ruwan da ke fita bai kai wanda ke sauka ba." Na ce me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "Na yi, Injiniya." Na sunkuyar da kai. Na ce ya yafe mini abin da na faɗa mishi gaban mutane. Ya ce, "Don Malam da tsohuwar nan zan hau. Kai kuma ka bari sai na ga aikinka."

Ya faɗi nasa lissafin da ka, ina rubutawa:

Azara arba'in, 14,000.
Zana ta shimfiɗa, 2,000.
Ƙasa, amalanke goma, 3,000.
Kayan laso, 4,000.
Shi da mutanensa biyu, 7,000.
Duka, 30,000.

Ya ce ɓamɓare siminti ba ya cikin kuɗin. "Wanda ya zuba shi ya cire." Kuma lebura na uku ba sai an ɗauka ba, ga ni.

Laraba, 12 ga Mayu

Na sayar da babur, 38,000. Ya fi haka, dillalin ya ga gaggawa a idona. A ƙafa na dawo ta gaban dakali, kowa ya tambaya, na ce yana wurin gyara. Ga wata ƙaryar kuma. Har yaushe?

Juma'a, 14 ga Mayu

Na shiga mota zuwa Sandamu. Na ajiye wa Haulatu dubu taranta a kan tabarma, na ƙara uku, na faɗa mata komai: simintin, da wasiƙar, da garar da babu ita. Ta daɗe tana kallon kuɗin. Ta ce, "Yaya, da ka ce mini ka yi kuskure, wallahi da na sayar da tumakin ban ji komai ba. Mai cikin nan yanzu ko na kai ninki ba za a ba ni ita ba." Ba ta ɗaga murya ba. Ta kawo mini fura, na sha don kada in ƙara wani laifin.

Na aika wa Kalilu ya bar geronsa, na rubuta masa dalili. Shi zai yi masifa, na ma fi son haka.

Litinin, 17 ga Mayu

Na ɗauki hutun mako biyu a ofis. Yau na fasa simintin da guduma, ni kaɗai a saman soro, duk unguwa na kallo. Wani daga dakali ya ɗaga murya, "Injiniya, ba kai ka ce har abada ba?" Aka yi dariya. Na ce, "Ni ne. Na yi kuskure, Baba Ɗantsoho ya fi ni sani." Dariyar ta mutu da kanta. Ashe abin da nake gudu shekara uku bai fi minti ɗaya ba.

Tafin hannuna ya yi bororo, biro ma da ƙyar.

Asabar, 22 ga Mayu

An ɗora azara, an shimfiɗa zana. Aikina cuɗa ƙasa da ƙafa da miƙa ta sama. Sau uku tsohon ya dawo mini da ita wai ba ta nuna ba. Ya sa na ɗebi wadda ta yi a hannu na murza, ya ce in riƙe yadda take a yatsuna, wannan ba a rubuta shi a littafi. Ina jin yana jin daɗin wahalar da ni. Ba na ganin laifinsa.

Alhamis, 3 ga Yuni

Ruwan farko jiya da yamma, mai ƙarfi. Na tsaya a ɗakin Inna ina kallon sama har ya ɗauke. Ko ɗigo. Indararo na ta zuba a waje kamar famfo.

Ta sa Ikilima ta wanke kwanonin ta mayar da su saman kabad, gado ya koma wurinsa na da. Ina fita na ji tana cewa, "A zuba wa leburan Ɗantsoho tuwo da yawa, ya rame." Babu babur yanzu, ta samo wani sunan. Ikilima ta ce tana murmushi lokacin da ta faɗa, ni ban juya ba.

Dubu biyar suka rage. Na ba dillali ya nemo tunkiya mai ciki a kai Sandamu, ya ce ba za su isa ba, na ce zan cika ƙarshen wata. Haulatu ba ta aiko da gaisuwa ba tukuna.

Baba Ɗantsoho ya ce baɗi kafin damina a sake shafa laso, kuma gwiwarsa ta fara ƙin tsani. Ranar Asabar zai haɗa na wani gida a bayan kasuwa, ya ce in ina so in zo in ga yadda ake yi. Da safe a masallaci ya kira ni da sunana, ya ce, "Zailani, an tashi lafiya?"

Ban ce zan je ba. Na dai ce wa Ikilima kada ta wanke tsohon wandon da na cuɗa ƙasa da shi tukuna.