Naman da Zahar Ya Aika Asibiti

Yaya Yefim,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya ƙafar da aka yi wa aiki? Ga naman beyar, ƙatuwar dabbar dajinmu mai gashi, na aiko maka ta hannun direban bas. Ranar Asabar muka harbo ta a hayin kogi. Na dafa shi har ya yi laushi, don na san haƙoranka sun riga ka yin ritaya. Kai da kake cika baki harshenka yana gane abin da beyar ta ci kafin ta mutu, to ɗanɗana ka faɗa mini.

Maganar gidan Baba kuma, mai sayen nan yana jira. Ya ce ba zai tare a gidan da ke da kejin dabba ba, kai kuma ka rantse ba ka sa hannu muddin Dusya, beyar da ka rena, tana ciki. Kada ka damu da ita, ta daina kukan nemanka.

Ƙanenka, Zahar

Zahar,

Na amsa gaisuwa, saƙo ya iso. Na ci, na ɗiba wa maƙwabcin gadona, har ya ce bai taɓa cin nama mai daɗinsa ba.

Amma a wannan watan ne kifi ke cika kogi. Duk beyar da ke jeji kifi take ci, namanta ƙarni, kitsenta rawaya, ko kare sai ya yi shawara. Wannan kitsen fari ne tas, da zaƙi-zaƙi. Naman ba jijiya, na dabbar da ba ta taɓa hawa dutse ba. A cokali na uku na ji kunun hatsi da madarar gwangwani. A duk ƙauyenmu beyar ɗaya ce ke shan wannan, kuma da hannuna nake dama mata.

Don girman kabarin Mama, rubuto ka ce tsufa ya lalata mini harshe. Zan yarda.

Yayanka, Yefim

Yaya,

Ina gaisuwa. Harshenka lafiya lau, na sara maka. Dusya ko gudu ba ta yi ba, ta zaci kunu na kawo. Mai saye zai zo asibiti Litinin da takarda.

Saura cinya ɗaya. In aiko maka, ko in kai kasuwa?

Ka huta lafiya,
Zahar