Kawu da Mutanen Venice

Daren Laraba, ƙarshen damina, Haɗeja

Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa. Tun da na dawo daga Italiya bakina bai huta ba. Da safe ƙanwata Hauwa ta tsare ni, ita ma can za ta karatu. Na ce ta nemi takalmi marar tsini don tafiyar ƙasa ce ba iyaka, ta ƙulla yajinta, in kuma ta gai da mutum ya yi shiru, kada ta sa a ranta.

Da la'asar na je yi wa Kawu Sale jaje. Kogi ya shanye shinkafarsa, katangarsa ma ta faɗi. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ciro waya ina nuna masa hotunan birnin Venice: ruwa har bakin ƙofa, kwalekwale maimakon mota.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah sarki. Su ma ruwan ya ci su haka? Ina suke kwantar da yara?"

Na buɗe baki zan ce ai haka aka gina birnin a kan ruwa, kallonsa ma ake zuwa yi, sai idona ya sauka kan taɓon da ya bushe a ƙafarsa. Na mayar da wayar aljihu.

"Ka dai yi musu jaje ko, ɗana?"

"Ban yi ba, Kawu."

Ya ɗaga hannu ya roƙa musu sauƙi, muka shafa. Sai a hanyar gida na tuna shi ma ban yi masa nasa ba.